Tambaya da Amsa: Na Iya Aikin, Ina Zan Samu Mai Biya?

Wasiƙun wannan fitowa sun fito ne daga masu aikin kansu da kwamfuta ko waya: masu zane, masu fassara, masu haɗa bidiyo. Dukkansu sun koyi sana'ar, abin da ya rage musu shi ne mutumin farko da zai sa hannu a aljihu ya biya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wata shida ina koyon zanen kwamfuta, na iya Canva da CorelDraw daidai gwargwado. Kullum ina sa talla a sitatus cewa ina yin tambari, fulaya, katin biki, bana, kalanda da sauransu. Wata uku ke nan, ban da "Masha Allah" ban samu komai ba. Ina kuskuren yake? (Wani matashi daga Hotoro, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da duba masu kallon sitatus ɗinka. Abokan makaranta ne da 'yan'uwa da maƙwabta, yawancinsu ba su da shago, masu shagon kuma ba yau suke neman tambari ba. Sannan tallan da ya lissafa abu biyar har da "da sauransu" bai kira kowa ba. Mai makaranta da ya gan shi bai ji da shi ake ba, haka ma mai sayar da atamfa.

Ka zaɓi irin mutane guda da kaya guda na tsawon wata biyu. Misali makarantu masu zaman kansu da islamiyoyin unguwarku, kayan kuma fostar ɗaukar sababbin ɗalibai da fom ɗin shiga. Ko masu abincin sayarwa, kayan kuma takardar jerin abinci da farashi. Ko 'yan Kantin Kwari da ke tallan yadi a WhatsApp da hotuna masu duhu. Sharaɗin zaɓin shi ne mutanen su kasance dama suna kashe kuɗi a kan irin wannan aikin. Wanda ya taɓa biyan kuɗin bana, ko da mummuna ce, ya fi sauƙin shawo kai a kan wanda sai ka fara koya masa amfanin banar.

Daga nan ka ɗauki littafi ka rubuta wurare talatin da sunayensu, da sunan mai yanke hukunci a kowanne. Yaron shago ba ya ba da aiki, mai gadin makaranta ma haka, amma su ne za su gaya maka sunan maigidan da lokacin da yake zama, don haka ka gaishe su da kyau. Ka ɗauki hoton banar ko fostar da suke amfani da ita yanzu. A gida ka sake zana ta da sunansu da lambar wayarsu, ka gyara abin da ya lalace: rubutu ya yi cunkoso, lambar waya ba ta karantuwa daga titi, launin rubutu ya saje da na bango. Ka shimfiɗa sunanka a tsakiyar zanen da rubutu mai dishi-dishi yadda ba za a iya bugawa ba sai an dawo wurinka. Kada ka yi wa duka talatin ɗin, biyar a mako ya isa.

Idan ka je, bayan gaisuwa, maganar kada ta wuce haka: "Alhaji, ni mai zane ne a nan unguwar. Na ga banar da ke ƙofa rana ta cinye ta, lambar waya ma ba ta fita. Na gwada sake zana ta, ga shi a waya. In ta yi maka, kuɗin zanen kaza ne, gobe da yamma sai a kai wa mai bugawa." Ka miƙa masa wayar a hannunsa ya duba da kansa, ka yi shiru. Sababbin shiga sukan cika wurin da surutun inda suka yi karatu da manhajojin da suka iya, alhali mutumin sunan shagonsa kawai yake kallo.

Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. A kasuwa, da hantsi bayan an gama buɗe shago kafin cinkoso. Ban da ranar Juma'a gab da masallaci. Makarantu kuwa a watan Agusta suke neman fosta saboda sabuwar shekarar karatu a Satumba, a Yuni kuma suke shirin bikin yaye ɗalibai da ba da kyaututtuka na Yuli, lokacin satifiket da katin gayyata da ɗan littafin taro. Masu yadi da teloli da masu takalma, ka same su tun a Sha'aban. In ka bari azumi ya raba, ba mai lokacin sauraronka.

"Zan neme ka" ba ƙi ba ne, ba kuma yarda ba ce. Ka karɓi lamba, bayan kwana uku ka tura gaisuwa da hoton zanen, bayan mako guda ka sake tuntuɓa sau ɗaya, daga nan ka bar shi sai wani lokacin buƙatar ya zagayo. Mafi yawa ba za su saya ba, shi ya sa jerin ya zama talatin.

Akwai wata ƙofa da ta fi duk waɗannan saurin buɗewa: masu maɗaba'a da shagunan buga bana. Kwastomomi na zuwa musu kullum da zanen da ba ya buguwa, ko ba zanen ma sam. Ka gabatar da kanka a shago biyu ko uku a matsayin wanda za a tura wa aiki idan ya yi yawa. Kuɗin bai kai na kwastoman kai tsaye ba, amma yana zuwa a kai a kai. Sai dai su ba sa haƙuri da fayil mai matsala, saboda asarar takarda da tawada a kansu take. Ka yi zane a tsarin launi na CMYK, domin na RGB na fuskar waya ne, shuɗi mai haske da ka gani a kwamfuta zai fito a dushe a takarda. A Canva, fitar da PDF a CMYK na masu biyan kuɗi ne, don haka aikin bugawa gara ka ƙarasa shi a CorelDraw. Hotunan kati da fulaya su kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto a takarda. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ka ce a sake turowa a matsayin fayil. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Kafin ka tura, a CorelDraw ka mayar da duk rubutu zane ta hanyar danna Ctrl da Q, in ba haka ba kwamfutar mai bugawa za ta sauya salon rubutun da ba ta da shi. Wannan ya fi cizo a aikin Hausa, domin salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an buga katin biki ɗari biyar da ɗan akwati a inda ya kamata a ga "ɗaurin aure".

Tambaya: Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in nuna masa ayyukan da na yi a baya, ni kuma ban taɓa yi wa kowa ba. Shin in yi ta yi kyauta har in tara? (Mai haɗa bidiyo, Zariya)

Amsa: Malam, mai cewa ka nuna aiki so yake ya ga hannunka, bai ce sai wanda aka biya ba. Ka haɗa samfuri uku zuwa biyar na ainihin abin da kake son sayarwa. In tallan shago na daƙiƙa talatin kake nema, ka roƙi wani mai shago da ka sani ka ɗauki kayansa, ka haɗa a tsaye yadda zai cika fuskar waya, da rubutu a kai saboda masu kallo ba sauti. Ka zuba su a kundin kaya na WhatsApp Business ko a Google Drive, kuma ka gwada buɗe mahaɗin a wayar wani. Sau da yawa mutum kan tura mahaɗi a kulle, kwastoma ya danna ya ga ana neman izini, ya wuce abinsa.

Aikin kyauta sau ɗaya ko biyu ba laifi, amma ka zaɓi wurin da jama'a za su gani, kamar taron saukar karatu ko na ƙungiyar unguwa, ka kuma faɗi iyakarsa tun farko: bidiyo ɗaya, gyara ɗaya, sunanka da lambarka a ƙarshe, da saƙon shaida na layi biyu daga shugaban wurin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗauko aikin wani daga intanet ka ce naka ne. Ranar da aka ba ka aiki a kan wannan ma'aunin, hannunka ne zai tona maka asiri.

Tambaya: Ina kula wa masu sana'a da shafukansu na Instagram da Facebook. Wata Hajiya mai sayar da kayan ɗaki ta yarda in yi mata, ta ce in faɗi kuɗina, na rasa abin faɗa. Ina tsoron in faɗa da yawa ta gudu, in faɗa kaɗan in cutu. (Wata 'yar'uwa daga Kaduna)

Amsa: Malama, kafin ki faɗi kuɗi ki fara faɗin aikin. "Kula da shafi" ba shi da gefe, yau hoto ne, gobe a ce ki amsa saƙonnin masu saye da ƙarfe sha ɗayan dare. Ki mayar da shi abin ƙirgawa: hotuna goma sha biyu da gajerun bidiyo huɗu a wata, zuwa shago ɗaukar hoto sau biyu, amsa saƙonni ba ya ciki, kuɗin tallan da ake biyan Facebook kuma daga aljihunta.

Sai lissafi. Ki rubuta awannin da aikin zai ci da gaske, har da zirga-zirga da gyara. A ce awa ashirin da biyar ne a wata. Ki yanke abin da awarki ta cancanta, a ce naira 2,000, ya zama 50,000. Ki ɗora kuɗin data da na mota da na caji ko man janareto, a ce 12,000. To 62,000 ne ƙasan da ba za ki sauka ba. Waɗannan alƙaluman misali ne, ki sa naki, ki kuma tambayi mutum biyu masu irin aikin a garinku don ki san inda kasuwa take. Da yake ciniki sai da tayi, ki fara daga sama kaɗan. Idan ta taya ƙasa da lissafinki, kada ki rage kuɗi ki bar aikin yadda yake, ki rage aikin: "Hajiya, a wannan kuɗin sai dai hotuna takwas da bidiyo biyu." Araha ba ta ado, kuma farashin da kika fara da shi shi za ta gaya wa ƙawayenta.

Bayan an daidaita, ki tura mata saƙo a rubuce ko da da baki aka yi maganar: "Hajiya, barka da yamma. Kamar yadda muka yi: hotuna 12 da bidiyo 4 daga 1 ga wata zuwa 30, a kan naira kaza. Rabi kafin a fara, ciko ranar 15. Kowane zane gyara biyu ne, na uku da kuɗinsa. In haka ne ki amsa mini da 'na yarda'." Wannan amsar ita ce takardarki ranar da aka samu saɓani.

Kafin alƙalami ba rashin kunya ba ne, tela ma yana karɓa, kafinta ma haka. Wanda ya ƙi ba da rabi a farko da wuya ya ba da duka a ƙarshe. Kuma hoton rasit ko saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Ki buɗe manhajar bankinki, ko OPay ko Moniepoint in su kike amfani da su, ki ga kuɗin sun zauna a asusu kafin ki taɓa aiki.

Tambaya: Ina fassara tsakanin Turanci da Hausa. Na buɗe shafi a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu aiki da masu ba da aiki, na tura neman aiki kusan arba'in, ko amsa ɗaya babu. Wani ya ce matsalar Najeriya ce, in sayi asusun ɗan Amurka in riƙa shiga da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Me kuka gani? (Wani malamin makaranta, Katsina)

Amsa: Malam, kada ka saya. Upwork na tantance mutum da katin shaida, wani lokaci har da kiran bidiyo, kuma sunan asusun da za a biya ka dole ya dace da sunan mai shafin. Ranar da aka gano, za a rufe shafin da kuɗinka a ciki, ko kuma mai asusun na asali ya kwashe su, ba ka da inda za ka kai ƙara. Balle ma mai neman fassarar Hausa ɗan ƙasar Hausa yake nema. Zamanka a Katsina shi ne jarinka a wannan aikin.

Neman aiki a can ba kyauta ba ne. Kowace takardar neman aiki tana cin wasu maki da ake saye da suke kira Connects, kowane ɗaya santi 15 na dala, aiki guda kuma kan ci goma ko fiye. Arba'in ɗin da ka tura kuɗi ne, don haka ka rage yawa ka ƙara zaɓe. Kafin ka tura ka duba ko an tantance hanyar biyan mai aikin, ko ya taɓa ɗaukar wani, da yawan waɗanda suka riga ka. Aikin da ya kwana biyu da masu nema hamsin, bar shi. Wanda aka sa awa ɗaya da ta wuce da masu nema ƙasa da biyar, shi ne naka. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne na rana a nan, ko uku a lokacin sanyinsu, don haka daga azahar zuwa dare ne ayyukan Amurka ke fitowa.

Mai aiki layi biyun farko na takardarka yake gani kafin ya buɗe ta. In ka cika su da gaisuwa da tarihin karatunka, ba zai buɗe ba. Ka fara da aikinsa: ka ga takardar wayar da kai ce kan rigakafi mai kalma 1,500, za ka gama cikin kwana biyu, sannan ka yi tambayar da ke nuna ka san aikin, wato masu karatun na Najeriya ne ko na Nijar, tunda rubutun ya ɗan bambanta, ga kuma kalmomin aro na Faransanci a can. Ka haɗa da samfurin sakin layi ɗaya da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu. A kanun shafinka ka rubuta fassarar Turanci da Hausa da fannin da ka fi sani, lafiya ko noma ko ilimi, ka cire "shigar da bayanai" da sauran tarkace. Kuɗin fassara da yawan kalmomin rubutun asali ake yanke shi.

Ka san abin da zai iso hannunka. La'adar Upwork tana bambanta daga kwangila zuwa kwangila, tana iya kaiwa kashi 15 cikin ɗari, ana nuna maka kafin ka tura. A aikin da aka yanke kuɗinsa gaba ɗaya, kada ka fara sai ka ga an ajiye kuɗin aikin a hannun Upwork, bayan an amince da aikin kuma akwai jiran kwana biyar. Fiverr, wani dandalin irin Upwork, na cire kashi 20, sabon mai sayarwa kuma sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cirewa. Ka buɗe Payoneer, asusun karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, tun yanzu da sunan da ke kan katin shaidarka harafi da harafi, domin bambancin "Muhammad" da "Mohammed" kaɗai na iya sa a riƙe kuɗi.

Kada kuma ka jingina da waɗannan biyun kawai. Ka yi shafi a ProZ, inda kamfanonin fassara ke neman masu harsuna, ka kuma kai takardarka ofisoshin ƙungiyoyin lafiya da na noma da ke aiki a jiharku. Suna fassara takardun tambayoyi da saƙonnin rediyo, kuma sau da yawa wani ma'aikacinsu ne ke yi a gurguje.

Tambaya: An tuntuɓe ni a Telegram za a ba ni aikin sake rubuta shafuka 50 a kwamfuta a kan dala 1,500, amma sai na biya naira 25,000 na katin ma'aikaci. In biya? (Daga Gombe)

Amsa: A'a, damfara ce. Mai ba da aiki shi ke biya, ba a biyansa, kuma babu mai ba da dala 30 a kan shafin da manhaja za ta karanta cikin daƙiƙa. In ka biya na kati, gobe za a ce na haraji, jibi na canjin kuɗi. Ka toshe lambar. Haka duk wanda ya same ka a Upwork ya ce ku koma Telegram kafin a ƙulla kwangila, ko ya nemi BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka.

Tambaya: Ni matar aure ce, ina zanen kati da tambari a waya, ba na iya yawon kasuwa. Waɗanda ke kawo mini aiki duk dangi ne, kuma da "Allah ya yi albarka" suke biya. Yaya zan yi? (Daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, kasuwarki tana cikin wayarki. Matan da ke sana'a a gida, masu turaren wuta da humra, masu cincin da kek, masu yaji da garin kunu, duk suna buƙatar takardar da ake mannawa a jikin roba ko kwalba, kuma sun fi sakewa da mace. Ki duba zaurukan WhatsApp na unguwa da na islamiyya da na adashi, ki ware mata goma da kayansu ke fita amma robar ba suna, ko an rubuta da biro. Ki bi kowacce ta akwatinta, kada ki yi a cikin zaure, da saƙon murya gajere da samfurin da kika zana da sunan kayanta. Ki nemi awon robar tukuna, tsawo da kewaye da santimita, don takardar ta zauna daidai. Ki kuma daidaita da mai bugawa guda wanda zai buga ya yanka ya ba ɗan aike, sai ki faɗi kuɗi a dunƙule: zane da bugun guda 100, naira kaza. Mai sana'a ta fi gane kuɗin abin da za ta riƙe a hannu a kan kuɗin zane zalla, kuma duk sanda takardun suka ƙare wurinki za ta dawo.

Dangi kuwa, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ba sai an yi faɗa ba. Ki zana takardar farashi mai kyau, duk wanda ya kawo aiki ki tura masa ita kafin komai, ki ce: "Yaya, ga yadda nake yi wa mutane, ke kuma na cire miki kashi ɗaya cikin huɗu." Iyaye da waɗanda ba a karɓar kuɗinsu, ki yi musu da zuciya ɗaya, amma ki roƙi su sa aikin a sitatus da lambarki.

Duk wadda kika gama wa aiki ta yaba, a ranar za ki nemi ta haɗa ki da mutum biyu masu sana'a, tun tana cikin farin ciki. Ki sa la'ada a fili, kashi 10 cikin ɗari na aikin farko ga wadda ta kawo, ki tura mata ranar da sabuwar ta biya ba sai ta tambaya ba. Ki buɗe littafi mai layi huɗu: suna, abin da aka yi, ranar da aka kai, da ranar da kike hasashen takardun za su ƙare. Mai sayar da roba 25 a mako, guda 100 wata ɗaya za su yi mata, don haka a mako na uku sai ki tura gaisuwa ki tambaya ko a sake bugawa.